Tsuntsun Dagona Yana da Mai Tsaro, Wa Ke Tsaron Tsoho?

Karatun Nassi: Markus 7:9-13, 1 Timoti 5:3-16, Ayyukan Manzanni 6:1-7

Gabatarwa

A ƙaramar hukumar Bade ta Jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa, akwai wani tafki kusa da ƙauyen Dagona wanda sunansa ya kai ƙasashen Turai. Kowace shekara idan sanyi ya tsananta a can, dubban tsuntsaye sukan ƙetare teku da hamada su sauka a wannan ruwa, su zauna har hunturu ya wuce. Saboda su gwamnati ta killace wurin, ta haɗa shi cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, ta sa ma'aikata suna sintiri don kada a harbe su ko a ɗana musu tarko. A shekarar 1989 Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo har Dagona don ya gan su da idonsa.

Kiyaye halittar Allah aiki ne mai kyau. Amma Ubangiji Yesu ya koya wa almajiransa cewa mutum ya fi tsuntsaye daraja nesa ba kusa ba (Matiyu 6:26, 10:31). A garuruwan da ke kewaye da wannan tafki, kamar yadda yake a ko'ina cikin ƙasar nan, akwai tsofaffin da suke kwana da yunwa a ɗakin baya, ba mai leƙa su. Annabi Irmiya ya lura cewa shamuwa ta san lokacin komowarta (Irmiya 8:7). Sai ga shi akwai 'ya'yan da suka tafi Kano ko Abuja ko Ikko neman abinci, shekara uku ko huɗu ba su taka ƙofar mahaifiyarsu ba. Wannan darasi zai duba yadda ake cutar tsofaffi, da abin da Maganar Allah ta ce, da kuma matakan da doka ta ba iyali idan abin ya fi ƙarfin sulhu.

Inda cutarwa take ɓuya

A Turai da Amurka, labarai da yawa na cin zalin tsofaffi daga gidajen kula da tsofaffi suke fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama suna fuskantar wani nau'in cutarwa a cikin shekara guda. Ta kuma ce a irin waɗannan gidaje, ma'aikata 2 cikin 3 da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun cutar da wani da suke kula da shi. A shekarar 2022 wani ɗan jarida a Faransa ya tona asirin wani babban kamfani mai gidajen tsofaffi, inda ake tsuke abinci da kayan tsabta don riba ta ƙaru, har gwamnatin ƙasar ta miƙa maganar ga masu gabatar da ƙara. Yawan irin wannan ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya a 2011 ta keɓe 15 ga Yuni ta zama ranar faɗakarwa a kan cin zalin tsofaffi.

A Arewacin Nijeriya irin waɗannan gidaje kaɗan ne ƙwarai, kuma mutane da yawa suna alfahari da haka, suna cewa su ba sa kai iyayensu gidan gajiyayyu. Alfaharin yana da gaskiya a cikinsa, amma yana rufe wani abu. Tsohon da ya gaza a Nguru ko Gashuwa yana hannun wani: ko surukarsa, ko jikanyar da aka cire daga makaranta, ko 'yar aikin da ake biya a wata, ko mai gidan addu'a, ko mai maganin gargajiya. Idan yana kwance a asibiti, cinsa da wankansa suna wuyan ɗan'uwan da ya zauna jinya. Duk wurin da aka ajiye mara ƙarfi aka rufe ƙofa, ba mai shiga ya duba, wurin zai iya zama kurkuku. An ga haka a watan Satumba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gidan gyaran hali a Rigasa ta Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, waɗansu da mari a ƙafa. Yawancinsu yara ne da samari, kuma danginsu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, sa'an nan suka daina dubawa. Abin da ya faru da su zai iya faruwa da tsoho.

Kamannin cutarwa

Ta farko ita ce sakaci. A ce ga wata gwauruwa da shanyewar jiki ta kwantar. 'Ya'yanta suna aiko da kuɗi a ƙarshen wata, saboda haka lamirinsu a kwance yake. Amma ba mai juya ta a kan shimfiɗa, alhali masu aikin jinya suna koyar da cewa a riƙa juya irin wannan majinyaci kusan kowane awa biyu. Cikin 'yan makonni gyambo ya buɗe a ƙugunta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yakan haura awo 40 a wannan yanki, ana rage mata ruwan sha don kada ta ɓata shimfiɗa, ga shi kuwa tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa ko da jikinsa ya bushe. Wannan ganganci ne babba, balle a ƙasar Bade inda ciwon ƙoda ya daɗe yana cin rayuka. Da hunturu kuma a bar ta da kaskon wuta a ɗaki a rufe. Ba wanda ya ɗaga mata hannu, amma ana kashe ta a hankali.

Ta biyu ita ce cin dukiya. Ɗa ya riƙe katin banki na mahaifinsa da sunan taimako, fansho ya shiga ya fita, tsohon bai ga ko sisi ba. Ko a kama babban yatsansa a dangwala a takardar sayar da gona ko fadama, bai san abin da aka rubuta ba. Littafin Farawa sura 27 ya nuna irin wannan a gidan bangaskiya: Ishaku ya tsufa, idonsa ya dushe, matarsa da ɗansa suka yi amfani da makantarsa suka ruɗe shi. Ko da yake Allah ya cika nufinsa, Yakubu ya biya da gudun hijira na shekara 20, kuma daga baya nasa 'ya'yan suka ruɗe shi da rigar Yusufu. Karin Magana 28:24 ta jera mai yi wa iyayensa sata yana cewa ba laifi ba ne tare da masu hallakarwa.

Ta uku ita ce duka, tsawa, kulle ƙofa, da hana baƙi shiga. Ta huɗu, wadda ta fi muni, ita ce zargin maita. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Mai shi yakan manta sunan 'ya'yansa, ya fita da dare, ya yi magana da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, har ya amsa laifin da bai yi ba. Likita yake bukata da haƙuri. Duk mai wa'azin da ya nuna tsohuwa mai wannan ciwo da yatsa ya ce ita ce ta hana jikokinta aure ko aiki, ya ɗauki alhakin jininta.

Abin da Maganar Allah ta ce

Umarnin girmama uba da uwa yana cikin Dokoki Goma (Fitowa 20:12), kuma Manzo Bulus ya tuna wa Afisawa cewa shi ne umarni na farko da aka haɗa da alkawari (Afisawa 6:2). Sau da yawa ana karanta wa yaran makarantar Lahadi wannan aya kamar su kaɗai ta shafa. Amma a gindin Dutsen Sina'i magidanta ne suka tsaya suka ji ta, mutanen da iyayensu suka riga suka tsufa.

A Markus sura 7 Ubangiji ya tsawata wa Farisiyawa a kan al'adar Korban. Mutum yakan furta cewa abin da ya kamata ya taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe shi ga Allah, da haka sai a sauke masa nauyin. Yesu ya kira wannan rushe Maganar Allah da al'adar mutane. Korban bai mutu ba. Akwai wanda yake tsayawa a ranar godiya ta kaka ya yi alkawarin buhunan siminti don ginin majami'a, a tafa masa, alhali ɗakin mahaifiyarsa yana yoyo tun daminar bara. Akwai wadda ba ta fashin taron farkawa ko na zumuntar mata, amma surukarta tana kwance cikin ƙazanta. Bulus bai sassauta ba: ya ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman na gidansa, ya musanta bangaskiya, har ya fi mara bi muni (1 Timoti 5:8). Maƙwabtan da ba Kirista ba suna gani, kuma abin da suke gani ya fi wa'azin da suke ji ƙarfi.

Ubangiji kansa ya bar gurbi. Yana rataye a kan gicciye, cikin azabar da ba ta misaltuwa, ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, almajirin kuwa ya kai ta gidansa tun daga wannan sa'a (Yahaya 19:26-27). Rut ma ba jinin Na'omi ba ce, suruka ce kuma baƙuwa daga Mowab, amma matan Baitalami suka shaida cewa ta fi mata 'ya'ya maza bakwai (Rut 4:15).

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya game da mai jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau da dama wadda take yi wa tsohuwa tsawa mace ce da aka bar wa aikin ita kaɗai shekara da shekaru, ba barci, ba hutu, ba godiya, 'yan'uwan miji kuma sai zargi ta waya. Gajiya ba ta halatta zalunci, amma waɗanda suka tsere wa aikin suna da rabonsu a laifin.

Aikin ikilisiya

Ƙarar farko da aka kawo gaban ikilisiyar Urushalima a kan sakaci da gwauraye ce. Masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake nasu gwauraye wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a rufe maganar don kare sunan ikilisiya ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, aka ɗora musu aikin, Maganar Allah kuwa ta ci gaba da yaɗuwa (Ayyukan Manzanni 6:1-7).

Ikilisiyoyin Yobe suna da dalili na musamman na ɗaukar wannan darasi. Masu bi da yawa a Nguru da Gashuwa aiki ne ya kawo su ko iyayensu, na jirgin ƙasa, ko asibiti, ko koyarwa, ko kasuwa, danginsu kuwa suna nesa. Tashin hankalin da ya auka wa jihar tun daga 2011 ya ƙara warwatsa iyalai, matasa suka tafi, waɗansu tsofaffi suka zauna. Ga irin waɗannan, ikilisiya ce dangin da ya rage.

Saboda haka ya dace kowace majalisar dattawa ta rubuta sunayen tsofaffinta duka, har da waɗanda suka daina zuwa sujada, gama sau da yawa wanda ya daina zuwa shi ne wanda ya fi bukata. A raba ziyara tsakanin zumuntar mata, ta maza, da matasa. Zumunta a ƙafa take. Mai ziyara ya shiga har ɗakin, kada ya tsaya a zaure ya karɓi "yana barci". Ya duba shimfiɗa da tulun ruwa da kwanon abinci. Ya lura ko tsohon ya rame farat ɗaya, ko akwai tabo ko ƙuna, ko yakan yi tsit ya sunkuyar da kai idan wani ya shigo. Ya nemi zarafin magana da shi su biyu kaɗai. Tsoho yakan rufa wa ɗansa asiri ko da yana shan wuya, don kunya da tsoron kada a yashe shi gaba ɗaya.

Matakan da doka ta tanada

Waɗansu masu bi suna ɗauka cewa kai ƙara gaban hukuma zunubi ne, suna kafa hujja da 1 Korantiyawa sura 6. A can Bulus yana magana ne a kan 'yan'uwa masu jan juna kotu saboda al'amuran yau da kullum. Shi wannan Bulus ɗin ne ya rubuta cewa mai mulki bawan Allah ne don hukunta mai mugunta (Romawa 13:4), shi ne kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar sa'ad da ransa yake cikin hatsari (Ayyukan Manzanni 25:11). Mutum yana iya yafe abin da aka yi masa shi kansa. Ba shi da ikon yin shiru a madadin tsohuwar da ba ta iya tashi ta kai kukanta.

Dokokin ƙasa ba su bar tsoho ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin a kiyaye mutuncinsa, ya haramta azabtarwa da wulaƙanci. Sashe na 17 ya ambaci tsofaffi a fili cikin waɗanda ya wajaba a kare daga ci da gumi da sakaci, ko da yake wannan sashe manufa ce ga gwamnati, ba a kafa ƙara a kansa shi kaɗai. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta mai da yashe wanda yake ƙarƙashin kulawar mutum ba tare da abin rayuwa ba laifi, hukuncinsa a dokar tarayya ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Ta kuma hana raba mutum da danginsa da ƙarfi, da danne masa dukiya, da muzguna wa gwauraye. Jihar Yobe ta kafa irin wannan doka tata a 2022. Tun kafin waɗannan, dokar Final Kod ta Arewa ta tanadi hukunci a kan duka, tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, cin amana, da takardar jabu. A 2018 aka sa hannu a dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021.

Ga matakan da iyali za su bi:

1. A fara ceton rai. Idan akwai rauni, gyambo, ko alamar yunwa, a ɗauke tsohon daga wurin a kai shi asibiti nan da nan, a kuma roƙi likita ya rubuta abin da ya gani. Wannan takarda ita ce babbar shaida daga baya.

2. A adana hujja. A rubuta ranaku da abin da ya faru, a ɗauki hoton rauni cikin mutunci, a karɓi bayanin shige da ficen kuɗi daga banki, a ajiye rasit da takardun gona ko gida a hannun amintacce.

3. Idan sakaci ne na gajiya ko rashin sani, a bi tsarin Matiyu 18:15-17. A yi magana a keɓe, sa'an nan a gaban shaidu, sa'an nan a gaban dattawan ikilisiya. A rubuta yarjejeniya: wa zai kawo abinci, wa zai biya magani, wa zai karɓi jinya don mai yi ta huta. Inda rikicin gona ne, bulama da lawani da hakimi sun san iyakoki da tarihin kowane fili.

4. Idan sulhu ya ƙi, a kai maganar ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda take karɓar koke ba tare da biyan kuɗi ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

5. Idan akwai duka, ɗauri, fyaɗe, ko barazanar kisa saboda zargin maita, ba a jiran taron dangi. A sanar da 'yan sanda. Kotu tana da ikon ba da umarnin kariya da zai nisanta mai cutarwa, kuma Babbar Kotu tana sauraron ƙarar take hakki ko da wani ne ya shigar a madadin wanda aka cuta.

6. Idan laifin na asibiti ne ko gidan kulawa, a rubuta koke ga shugaban wurin, a riƙe kwafi. Likitoci da ma'aikatan jinya suna da majalisun da suke ba su lasisi, masu ikon ladabtar da su, kuma iyali suna iya neman diyya a kotu. Kada a yi jinkiri, gama doka ta ƙayyade wa'adin shigar da irin wannan ƙara, musamman a kan ma'aikatun gwamnati.

Rigakafi ya fi magani. Iyaye su rubuta wasiyya tun suna da ƙarfi da hankali, a gaban shaidu. Kada a bar katin banki da lambarsa a hannun mutum ɗaya ba mai bin sawu. Iyalin da larura ta sa dole su kai nasu gidan kulawa ba su yi zunubi ba, muddin sun tabbatar gidan yana da rajista, sun karanta yarjejeniya, suna kuma zuwa a kai a kai ba tare da sanarwa ba. Gidan da ya hana dangi ganin nasu, a fitar da shi daga can a ranar.

Kammalawa

Mai Zabura ta 71 tsoho ne da yake roƙon Allah kada ya yashe shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Ta bakin Ishaya kuma Ubangiji ya yi alkawari zai ɗauki mutanensa har su yi furfura (Ishaya 46:4). Allah yakan cika wannan alkawari ta hannun mutane: ɗan da ya hau mota ya zo, surukar da ta dama kunu, dattijon da ya ƙi tsayawa a zaure, maƙwabciyar da ta yi ƙarfin hali ta kai rahoto. Wanda lamirinsa ya kāshe shi yayin karanta wannan darasi, ƙofar tuba a buɗe take, kuma tubar tana farawa da tafiya zuwa ɗakin nan tun mai ɗakin yana numfashi. Akwatin gawa mai tsada da taron jana'iza na kwana uku ba za su biya kwanon tuwon da aka hana shi ba. Yaran gida kuma suna kallo, suna koyon yadda za su riƙe nasu iyayen.

Tambayoyi don sujadar iyali: Su wane ne tsofaffin da suke wuyan wannan gida, yaushe rabon a zauna da su? Wa yake ɗauke da nauyin jinya shi kaɗai, ta yaya za a rage masa? Akwai tsoho a unguwa, mai bi ko wanda ba mai bi ba, da aka kwana biyu ba a ji motsinsa ba?

Ubangiji ya ba jama'arsa idon gani da zuciyar tausayi, ya kuma ta'azantar da kowane tsoho da yake kuka a ɓoye, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.